Littafin da Ya Falmata Ta Ƙi Hura Wuta da Shi

Ruwan da aka tafka ranar Laraba da hantsi ya bi ta ɓular kwanon zaure ya sauka a kan kayan Abdulrasheed. Kwali ɗaya ya sha ruwa har gindinsa ya ɓarke, littattafai suka zube a ƙasa. Ya Falmata ce ta fara gani. Ta jingine tsintsiyarta, ta durƙusa tana tsince su, tana goge kowanne da gefen mayafinta, tana istigfari kamar ita ta zubar.

Abdulrasheed dillalin littattafai ne. Yana da shago a bakin titin Arawa, amma babbar harkarsa oda ce: makarantu, masu ƙananan shaguna, ɗaliban jami'a da malamansu, kowa ya faɗi abin da yake so, shi kuma ya sa a ɗoro masa daga Legas ko Kano. Ya Falmata matar marigayi yayansa ce. Rikicin Borno ya cinye mata miji da gida, ta iso Gombe da 'yarta Yagana, aka ba su ɗakin da ke jikin kicin. Yagana na makarantar kwana a ajin ƙarshe, Abdulrasheed ke ɗauke da karatunta. Ita kuwa uwar ba ta yi boko ba. A gidan da ta tashi, takarda mai rubutu ba a taka ta, ba a tsallake ta, ba a ƙunshe ƙosai a cikinta. In an gan ta a ƙasa sai a ɗauka a soke a jikin katanga, don ba ka san ko da sunan Allah a ciki ba.

Da Abdulrasheed ya dawo ya ga ɓarnar, sai ya zauna yana ware masu sauran amfani, waya a maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa. Guda ɗaya ya kumbura ya fi ƙarfin gyara. Ƙato ne, bangonsa kore, an zagaye shi da zane ruwan zinariya. Ya cilla shi gefe.

"Wannan ya tashi aiki. Ya Falmata, haɗa da shi ki hura gawayi."

"Littafi, Abdul? A wutar girki?"

"To ki yi yadda kika ga dama da shi, ni dai kada in sake ganin sa."

Ta ɗauka da hannu biyu. Ta shanya shi a rana tana buɗe shi shafi-shafi, ta danne shi da turmi har ya miƙe. Sana'arta haɗa turaren wuta ce, irin na matan Borno, don haka ta turara shi da mafi kyan abin da take da shi har warin danshi ya fita. Sannan ta kai wa Rumaisa, matar gidan, wadda ke kishingiɗe a falo tana latsa waya.

"Amarya, duba min, wannan na mene ne?"

Rumaisa ta ɗago ido rabi. "Na addini ne mana. Ba ki ga kalarsa ba?" Ta koma kan wayarta.

A makon ne Malama Umma, shugabar Islamiyyar matan aure ta unguwar, ta ce an sami kabad, duk mai littafi ta kawo, sadaka ce mai gudana, ana iya yi wa mamaci. Ya Falmata ba ta taɓa samun abin da za ta yi wa mijinta sadaka da shi ba. Ko kabarinsa ba ta san inda yake ba. Ranar Asabar ta naɗe littafin a sabon ɗankwali, ta rungume shi a ƙirji, ta tafi da sauri kamar mai zuwa karɓar kyauta.

Malama Umma ta warware ɗankwalin a gaban aji tana murmushi. Ta karanta bango, murmushin ya ɗauke. Ta buɗe ciki, ta rufe da sauri.

"Ya Falmata, mene ne wannan?"

"Sadaka ce, Malama. Allah ya kai ladan ga baban Yagana."

Wata matashiya da ke sahun gaba ta leƙa, ta karanta da ƙarfi, ta kuma fassara wa kowa. Littafin wani Bature ne da ke cewa babu Allah, addini duk ƙirƙirar mutane ce. Aji ya ɗauki salati. Wata ta ja 'yarta baya. Wata ta ɗaga waya ta ɗauki hoto: Ya Falmata a tsaye, baki buɗe, koren littafin a gabanta a kan tebur.

"Ina kika samo shi? Wa ya ba ki?" in ji Malama Umma.

Ta buɗe baki za ta faɗa. Sai ta dubi fuskokin. Ta taɓa ganin fuskoki sun sauya haka, a wani gari, kuma ta san abin da ya biyo baya. Ta haɗiye sunan.

Hoton ya riga ta isa gida. Ta tarar da Rumaisa a tsakar gida tana zagaye da waya a hannu.

"Ya Falmata, kin kashe mu. Duk guruf-guruf ɗin unguwar nan ke ce a ciki."

"Ai ke kika ce min na addini ne."

"Ni? Yaushe? Don Allah kada ki sako ni."

Abdulrasheed ya shigo yana haki, ya tura ƙofar falo ya rufe. Bai tambayi Ya Falmata ko an taɓa lafiyarta ba.

"Kin ambaci sunana?"

"Ban ambata ba."

"Alhamdu lillahi." Ya zube a kujera.

"Abdul, da gaske abin da suka ce shi ne a ciki?"

"Ni na rubuta? Wani malamin jami'a ne ya ce in kawo masa 'yan kwafi, wai za su yi nazari da ɗalibai, oho dai. Ni dillali ne, Ya Falmata. A shagona akwai Alƙur'ani, akwai tafsiri, akwai Baibul don masu so, akwai littafin kiwon kaji. Kin taɓa ganin na kiwata kaza? Direba in ya ɗauki ɓarawo daga nan zuwa Bauchi, shi ma ya zama ɓarawo ke nan?"

Ta auna maganar. "Wannan magana ce mai kyau. Ka je ka faɗa musu haka."

Ya dube ta kamar ta zautu. "Su waɗannan? Kafin in kai aya sun cinna wa shagon wuta."

"Ni kuma fa?"

"Ke mace ce, ba ki yi karatu ba, ba wanda zai taɓa ki. Ki yi shiru kawai, za a manta."

Hujjarsa ba ta banza ba ce, wannan shi ne abin takaicin. Mai sayar da littafi ba ya rantsuwa a kan kowane shafi da ya ratsa hannunsa. Amma in har wannan hujja ta wanke wanda ya karanta bango, ya yi oda, ya ci riba, yaya za ta kasa wanke wadda ko harafi ɗaya ba ta iya ganewa a jiki? Abdulrasheed ya san haka sarai. Sai ya ninke hujjar ya ajiye wa kansa a falo, ya fita da wata dabam.

Kafin la'asar ya kai wa mai oda sauran kwafin. Bayan sallah maza suka tare shi a ƙofar masallaci, ya buɗe hannuwa.

"Ga makullin shagona, ga na gidana. Ku je ku bincika, in kun ga irinsa ku yi min duk abin da kuka ga dama. Ni kaina abin ya ɗaure min kai. Amma kun san mutanen da suka fito daga can. Sun zauna a sansani, ƙungiyoyi iri-iri sun shiga cikinsu da shinkafa da bargo. Allah kaɗai ya san abin da aka cusa musu."

Mutanen da suka fito daga can. Shi da mijinta ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha, a wannan can ɗin. Bambancin kawai shi ya riga wuta fitowa. Aka dafa kafaɗarsa, aka ce Allah ya ba shi haƙurin zama da jarrabawa a cikin gida.

Ba a manta ba. Ranar Litinin Malama Umma ta aiko cewa Ya Falmata ta ɗan dakata da zuwa makaranta tukuna. Hajiya Dada, wadda ta sa a haɗa mata turaren bikin 'yarta, ta dawo da kwalaben ko buɗe su ba ta yi ba, ta ajiye a bakin zaure ta juya. Sauran masu saye ba su ma wahalar da kansu ba, suka ɗauke ƙafa kawai. In ta je famfo sai a janye bokitai a bar mata fili, a yi shiru har ta cika ta tafi, tana jin maganar na tashi a bayanta kamar ƙudaje.

A cikin gida Rumaisa ta karɓe girki, ita da rabonta da murhu tun zuwan Ya Falmata. Ta ware mata kofi da kwano, ta ɗaura wa kofin zare a hannu.

"Ba don ni ba ne, Ya Falmata, don idon mutane ne. Ƙawayena sun ce ba za su ƙara shan ruwa a gidan nan ba."

"Amarya, ni na yi miki wankan jego."

"Na sani. Ai ban ce kin yi wani abu ba."

Sai Ya Falmata ta koma yin sallah ƙofa a buɗe, tana ɗaga murya a karatu, ko wani zai gani ya kai labari. An gani, an kai. Aka ce ga shi nan, riya ce, mai gaskiya ba ya tallar sallarsa. Wata safiya ta fito shara ta ga an yi rubutu da gawayi a jikin katangar gidan, manyan haruffa. Ta kira Rumaisa ta karanta mata.

"Gara da ba ki iya ba," in ji Rumaisa. "Ɗauko ruwa ki wanke kafin Abdul ya fito."

Ta wanke. Abinci ya daina shiga mata. Zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta ƙara zagaye.

Mutum ɗaya ce ta shigo gidan domin ta. Selina, malamar firamare 'yar Kaltungo, wadda katanga ɗaya ta raba su. Ta shigo da rana tsaka ta ƙofar gaba, da kwanon faten wake a hannu, ta yi sallama da ƙarfi yadda duk layin zai ji.

"Maman Yagana, ashe kin zama farfesa ba mu da labari? An ce yanzu littattafan Turanci kike rabawa."

Ya Falmata ta yi dariya, ta farko tun ranar Asabar ɗin, dariyar ta ƙare da hawaye. Selina ta zauna a bakin katifa ta buɗe kwanon.

"Ci. Na ga hoton. Wannan littafin ko ni fastonmu ya gan shi a hannuna sai an tara min dattawan coci. Amma ke? Ke da nake karanta miki takardar magani? Kowa a layin nan ya san zauren da ake sauke kwalaye. Har makaho ya sani, don yana tuntuɓe da su."

"Rufa min asiri, Maman Debby. Yi a hankali."

"Asirin wa? Naki ai sun riga sun tona, na ƙarya ma."

Gaskiyar Selina ce, kowa ya sani. Mutanen Arawa ba wawaye ba ne. Amma Abdulrasheed ne ke ba 'ya'yansu littattafai a biya a hankali, shi ke zuba mai a janaretan masallaci. Fushi na neman inda zai sauka, kuma ba ya sauka a kan wanda ake bukata gobe. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Zuwan Selina ya ba mutanen gidan dabara. Da yamma suka shigo ɗakinta su biyu, abin da ba su taɓa yi ba. Rumaisa ta zauna kusa da ita har tana gyara mata mayafi.

"Gobe liman da dattawa za su zo," in ji Abdulrasheed. "Za su tambaye ki inda kika samo shi. Mun yi shawara. Ki ce maƙwabciyar nan ce ta ba ki."

"Maman Debby?"

"Kowa ya ga tana shige miki. Za a yarda. Ke kin fita, an ce yaudarar ki aka yi. Ita kuma ba abin da za a yi mata, za a ce dama ba addininmu ɗaya ba."

"Ba abin da za a yi mata." Ya Falmata ta maimaita a hankali. "Haka ka ce min ni ma. Abdul, kai ba ka nan lokacin da aka fara a garinmu. Ni ina nan. Da magana ake farawa, a ce wane ne ya ce, wance ce ta kawo. Matar nan tana da yara a gidan nan na bayanmu. In ɗora mata wannan, in kwanta in ji ana fasa ƙofarta?"

"To ki zaɓa, ita ko mu?" in ji Rumaisa.

"Ban ambace ku ba, ba kuma zan ambace ku ba. Amma ba zan yi mata ƙazafi ba. Sadakar da na yi wa baban Yagana ta lalace, kada in bi shi da zunubi kuma."

Abdulrasheed ya miƙe yana kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Ki tuna Yagana na ajin ƙarshe, jarrabawa na tafe. Ban ce komai ba. Na dai ce ki tuna."

Washegari aka shimfiɗa tabarma a zaure. An kwashe kwalayen tun da safe, sai shatinsu a ƙasa. Liman ya zo da dattawa biyu, ga kuma Ba'ana, ƙanin mahaifin su Abdulrasheed, mai sayar da huluna a babbar kasuwa, wanda shi ne babba a dangin a nan Gombe. Ya Falmata ta durƙusa daga bakin ƙofa.

Liman mutum ne mai sanyin murya. Ya tambaye ta ko ta san abin da ke cikin littafin, ta ce ba ta sani ba. Ya tambaye ta dalilin kai shi, ta faɗa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, don zukata su natsu, ta yi kalmar shahada a gabansu. Matar da ta yi furfura a kan sallah, aka sa ta maimaita shahada kamar yau ta shigo. Ta yi. Ba wanda ya ce wannan bai dace ba.

"Wa ya ba ki shi?" in ji liman.

Abdulrasheed ya sunkuyar da kai yana murza carbi.

"A ƙasa na tsince shi, Malam. Ban so a taka ba."

Liman ya dubi shatin kwalaye a ƙasa, ya dubi Abdulrasheed, ya daɗe yana duban sa. Sannan ya kau da kai.

"Baiwar Allah nan ba ta da laifi," ya ce. "Aiki da niyya yake. Ta yi nufin alheri, Allah ya san zuciyarta. Zan yi wa jama'a bayani."

Ya yi bayanin kuwa, bayan sallar asuba, da sanyin muryarsa, ga tsofaffin da ba su cika sahu ɗaya ba. Hoton ya shiga wayoyin da ba su ƙirguwa, ya tsallaka har unguwar Federal Low-Cost da bayanta. Wankewar ko bakin titi ba ta kai ba. Wanda ya ɗauki hoto ya tura ya ji ya yi wa addini aiki. Wanda ya ji hukuncin liman ya ji ba aikinsa ba ne ya tura.

Abin da ya yanke maganar ba fatawa ba ce. Wata makaranta ce ta kira Abdulrasheed ta ce ta dakatar da odar zangon gaba, iyayen yara na ƙorafi a kan gidan da littattafan ke kwana. A ranar ya tafi kasuwa wajen Ba'ana. Da la'asar tsohon ya zo, ya sa aka kira ta.

"Falmata, 'yata, zauna. Ba korar ki ake yi ba, kada ki ɗauka haka. Iska ce ta taso, mai hankali sai ya sunkuya. Za ki je Maiduguri wajen gwaggon mijinki ki ɗan zauna, in abu ya lafa a aiko miki."

"Baba, rabona da ita tun ranar ɗaurin aurena. Ban san ko za ta gane ni ba."

"Jini ba ya ɓata."

"Liman ya ce ba ni da laifi."

"Mu ma ba mu ce kina da shi ba."

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba. "Baba, kai ma ka san wanda ya kawo littafin nan."

Ba'ana ya gyara zaman hularsa. "Na sani. To sai me? In shagon yaron nan ya rushe, wa zai ci da gidan nan? Wa zai riƙe 'yarki a makaranta? Ni da hulunan da ba a saye sai da sallah? Reshe ake sarewa a tsirar da itace. Ki yi haƙuri, haƙuri ai naku ne."

Haƙuri naku ne. Da wannan kalma aka binne mata nawa a gidajenmu suna numfashi? Wanda ya yi laifi a ce masa Allah ya kiyaye gaba, wadda aka zalunta a ce mata ta yi haƙuri, sai a shafa fatiha kowa ya tashi yana jin ya yi sulhu.

Abu ɗaya ta roƙa. Ranar ziyarar makarantar su Yagana ta kusa, ta riga ta soya mata gyaɗa, ta daka yaji. A bar ta ta kai, ta ga 'yarta, ta gaya mata da bakinta.

"In kin je can wani ya gane ki fa?" in ji Abdulrasheed. "Ki ja wa yarinya a cikin ƙawayenta? Rumaisa za ta kai mata. Za a ce kin je duba dangi."

Ya kai ta tasha da kansa da sassafe, kafin layin ya cika da idanu. Selina ce kaɗai ta fito, da zanin barci, ta riƙe hannunta ta tagar keke har ya fara tafiya. Kayanta jaka ɗaya ce da buhun kwalaben turaren da aka dawo mata da su.

A tasha ya sama mata kujerar gefen taga, ya tsaya yana gaisawa da direba. Sannan ya koma wajen keken ya sauko da wani kwali da aka ɗaure da igiya, ya kawo bakin tagar.

"Ya Falmata, tunda can kika nufa, ga wannan. Wani kwastomana zai tare ki a tasha ya karɓa. Ki riƙe shi a wajenki, kada a danne shi da buhuna."

Ta dubi kwalin. Ta dubi ƙanin mijinta. Babu kunya a fuskarsa, ko ɗigo. Ba mugunta yake ji yana yi ba, hanya ce ta samu ya ga bai kamata ta tafi a banza ba.

"Mene ne a ciki?"

"Littattafai ne kawai."

Tashar cike take da maza, 'yan kamasho, masu shayi, fasinjoji. Da ta ɗaga murya ta faɗi jimla ɗaya, da labarin ya juya a nan take. Shi ma ya san haka. Ta tuna Yagana a ɗakin jarrabawa. Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

"Abdul, na gama yi maka dako."

Bai yi musu ba. Ya zagaya wajen direba ya ce ga saƙo zuwa Maiduguri.

"Na mene ne, Alhaji?" in ji wani fasinja da ke jiran a gama lodi.

Direban ya yi dariya yana cusa kwalin a but. "Malam, mu ba ma tambaya. Kaya kaya ne. In na ce sai na san cikin kowane kwali, yaushe zan bar Gombe?"

Aka yi dariya, har da wanda ya yi tambayar. Ba wanda ya ga laifin direba, kuma da gaskiyarsu. Ba wanda ya ga laifin kamfanin da ya ɗoro kayan daga Legas, ko dillalin da ya karɓa. Duk hannun da littafin nan ya ratsa an yi masa uzuri, an ce sana'a ce, ɗauka ba yarda ba ce. Hannu ɗaya ne aka ce ɗaukarsa imani ne, shi ne hannun da bai ci ko sisi ba, wanda ya ɗauka don girmamawa. Muna cewa kishin addini ne ya motsa mu. Wane irin kishi ne wannan da ya san gidan mai janareta ya kauce, ya san ɗakin bazawara ya faɗa? Kishin da ke auna ƙarfin mutum kafin ya tashi ba kishi ba ne, tsoro ne ya ari rawani. Kuma ba baƙi ne suka yi mata ba. Waɗanda ta dafa wa abinci ne, da mu da muka sani muka ce ba ruwanmu.

Mota ta tashi ta kama hanyar Biu. Abdulrasheed ya ɗaga hannu, ba ta gani ba, ta rufe fuskarta. Kafin ya isa shago ya kira makarantar nan ya shaida musu cewa ya tsabtace gidansa, suka ce ya kawo kaya ranar Litinin.

Ranar ziyara Rumaisa ta tashi da ciwon kai, ba ta je ba. Yagana ta tsaya a bakin ƙofar makaranta cikin wankakkun kayanta, tana leƙa kowane keke da ya tsaya, har mai gadi ya ce mata lokaci ya yi, ta koma ciki.